Bangon ɗakin kwana da ya ƙi riƙe fenti: nazarin gyaran danshi na wata 18

## Gidan da yadda matsalar ta fara

Gida ne na ƙasa, an gina shi da bulon siminti mai rami, inci 9, wato kaurin santimita 22.5. An yi masa filasta ciki da waje, an rufe shi da kwano, amma ba a sa indararo a bakin kwanon ba. Ya shekara 12 da ginawa lokacin da abin ya bayyana. Mai gidan ba magini ba ne. Mutum ne dai mai son aikin hannu, yana da guduma da cizal da cokalin birkila da shebur, kuma ya taɓa yin fenti da ƙananan gyare-gyare da kansa.

Bangon da ake magana a kansa shi ne na bayan ɗakin kwana, tsawonsa mita 4. Bayansa fili ne. A kusurwarsa ta dama ya haɗu da bangon banɗaki, daidai wurin da ake wanka. Shekara 2 kafin matsalar, an yi wa filin baya daɓen kankare saboda taɓo. An zuba ciko na santimita 12 a kan ƙasar da ke wurin, aka ɗora kankare na santimita 10, aka kai shi har jikin bango.

A damina ta biyu bayan daɓen ne fentin ƙasan bangon ya fara ɓarewa, daga daɓen ɗaki zuwa kusan santimita 40. Wani farin gari mai kama da gishiri yana fitowa a wurin, a share shi yau, cikin kwana uku ya dawo. Ɗakin ya soma warin laima, kuma da aka janye kabad ɗin kaya sai aka tarar bayansa ya yi baƙin fumfuna. Akwai soket ɗin wuta guda a bangon, santimita 30 daga ƙasa.

Duk lokutan da ke cikin wannan bayani an ƙirga su ne daga ranar da mai gidan ya fara sa hannu a bangon, a farkon damina.

## Wata na 1: kankara da fentin mai

Aikin farko bai wuce kwana biyu ba. Ya kankare fentin da ya saki, ya wanke farin garin da ruwa da soso, ya cike ramukan da foti, ya goge da sanfefa. Washegari ya shafa fentin mai hannu biyu, daga ƙasa zuwa mita 1, bisa tunanin cewa fentin mai ba ya barin ruwa ya wuce. Ya mayar da kabad wurinsa, jingine da bango.

Sati uku bangon yana ƙyalli. A sati na biyar bororo ya fara tasowa a fentin, ƙanana da farko, daga baya wasu suka kai faɗin tafin hannu. Da ya fasa su, wasu ruwa ya tarar a ciki, wasu farin gari. Fotin da ya cike ramuka da shi ya yi laushi kamar ƙullu, ana iya kwashe shi da farce. Warin ɗakin kuma yana nan yadda yake.

## Wata na 3: sabon filasta mai siminti da yawa

Ganin fenti bai riƙe ba, sai ya ɗora laifin a kan filastar. Ya sassaƙe ta daga ƙasa zuwa santimita 50, ya kwaɓa sabuwa da awo ɗaya na siminti da awo biyu na yashi, ya zuba garin hana ruwa shiga da aka sayar masa, ba tare da ya auna ba. Yashin da ya samu mai laushi ne, ba a wanke ba. Da shebur ya yi awon. Ya shafa filastar a hannu ɗaya, kaurinta ya kai santimita 2 zuwa 2.5, ya sauko da ita har ta zauna a kan daɓen ɗakin. Bai yi mata ban ruwa ba, don a ganinsa bangon da ke fama da danshi ba ya bukatar ƙarin ruwa. A rana ta huɗu ya sake shafa fentin mai.

Kafin ƙarshen wata na 4 abubuwa uku suka fito fili. Sabuwar filastar ta yi ƙananan tsaga masu sarƙewa da juna kamar saƙar gizo-gizo, kuma idan aka ƙwanƙwasa ta da ƙotar guduma, wurare da dama suna ba da sautin fanko, alamar ta rabu da bulo. Fentin da ke kanta ya yi danƙo, yana manne wa yatsa, launinsa ya ɓaci. Na uku, danshin ya bayyana a saman sabon aikin, a tsohuwar filastar da a baya take a bushe. Layinsa ya kai santimita 80 a tsawon bangon, ya kai 110 a kusurwar banɗaki.

Danƙon fentin yana da dalilinsa na kansa. Ɗanyen siminti yana da kaifi irin na ruwan toka, kuma idan wannan kaifin ya haɗu da man da ke cikin fenti a wuri mai laima, yakan mayar da man wani abu mai kama da sabulu. Shi ya sa masu haɗa fenti ke cewa a bar sabuwar filasta ta yi kimanin kwana 28 kafin a shafa mata komai.

## Wata na 5: sati biyu na bincike

A nan mai gidan ya ajiye cokali da burushi, ya ware sati biyu don gano inda ruwan yake fitowa. Gwaji huɗu ya yi, kuma babu wanda ya bukaci na'ura.

Ya fara da leda. Ya yanka farar leda mai kauri gida uku, kowace santimita 45 a faɗi da tsawo, ya kankare fentin wuraren da zai manna su, ya liƙe gefunansu huɗu da salatif yadda iska ba za ta shiga ba. Ɗaya a santimita 10 daga ƙasa, ɗaya a 60, ɗaya a 180. Ka'idar gwajin mai sauƙi ce: idan raɓa ta taru a fuskar ledar da ke kallon ɗaki, tururin cikin ɗakin ne ke sauka a bango mai sanyi, maganinsa kuwa iska. Idan a ƙarƙashin ledar ta taru, daga cikin bangon ruwan yake fitowa. Bayan awa 48, ta ƙasa ta jiƙe sharkaf a ciki, ta tsakiya ta yi hazo a ciki, ta sama a bushe ciki da waje. Wannan ya fitar da tururin ɗaki daga lissafi, ya kuma nuna ruwan ba daga rufi yake gangarowa ba.

Sai bututun ruwa. Da dare ya rufe duk famfunan gidan, ya ɗaure abin da ke cika tankin masai, ya sa alama a matakin ruwan babban tanki. Tankin zagayayye ne mai faɗin mita 1, saboda haka saukar santimita 1 tana nufin kusan lita 8. Yoyo ƙarami ba zai nuna kansa a dare ɗaya ba, don haka ya maimaita gwajin na awa 24 ranar da gidan ba kowa. Ruwan bai motsa daga kan alamar ba.

Wannan gwajin bututun kawo ruwa kaɗai yake wankewa daga zargi, bai ce komai a kan daɓen wurin wanka ba. Don haka, a matsayin ci gaban wannan gwaji na biyu, ya toshe magudanar wurin wankan, ya tara ruwa santimita 3 a kan tayil, ya ajiye roba da ruwa mai zurfin haka a gefe domin ya san abin da iska kaɗai za ta shanye, ya kuma sa bokiti a bakin bututun fitar da ruwa ta waje ko toshiyar za ta yi yoyo. Bayan awa 24, ruwan roba ya ragu da milimita 3, na daɓe ya ragu da 12, bokitin waje kuwa a bushe. A wurin wanka mai murabba'in mita 1, bambancin milimita 9 lita 9 ke nan da suka shige wani wuri. Da ya duba da fitila, ya ga simintin da ke tsakanin tayil ɗin ƙasa da na bango ya dare tsawon santimita 60, daidai bayan kusurwar da danshi ya fi hawa.

Gwaji na uku shi ne na matakin ƙasa. Ya cika tiyo mai haske da ruwa, ya fitar da kumfar iska, ya zura kai ɗaya ta taga zuwa waje, ɗansa yana riƙe da ɗayan a cikin ɗaki. Ruwan da ke kai biyun tiyo kullum a mataki ɗaya yake tsayawa. Daga saman ruwan zuwa daɓen ɗaki santimita 100 ne. Daga saman ruwan zuwa kankaren waje, a jikin bango, 94. Da ya matsa mita 2 daga bangon, 91. Wato kankaren waje ya ɗara daɓen ɗaki tsawo da santimita 6, kuma gangarensa bangon yake fuskanta, santimita 3 cikin mita 2.

Ya fasa kankaren a wuri ɗaya, ya sassaƙe filastar waje, ya nemo baƙar leda mai kauri da ake shimfiɗawa tsakanin bulon tushe da na bango don ta tare danshin ƙasa, wadda magina ke kira DPC. Tana nan, lafiyarta ƙalau, a matakin daɓen ɗaki. Ka'idar gini ita ce wannan leda ta kasance aƙalla santimita 15 sama da ƙasar waje. A nan santimita 6 take a ƙarƙashinta. Ya ci gaba da tona wannan ɗan ramin har ya taɓa saman kankaren tushe a santimita 45, ya rubuta.

Na huɗu, ya tsaya a waje da laima ana ruwa. Ɓangaren kwanon da ke zuba a baya mita 10 ne da 4.5 idan aka auna a ƙasa, murabba'in mita 45. Ruwan sama na milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita guda ce, don haka ruwan milimita 20 kaɗai yana sauke lita 900 a wannan layi, santimita 45 daga bango. Ruwan yana dukan kankare ya fallatsa jikin bangon sama da santimita 30, sauran ya kwanta a gindinsa, zurfin yatsa biyu, har awa uku bayan an ɗauke.

## Ƙarshen wata na 5 zuwa na 6: aikin waje da banɗaki

Ya fara da kankaren. Bayan ya tabbatar babu waya ko bututu a ƙarƙashin wurin, ya ja layi santimita 40 daga bango a duk tsawon mita 10, ya yi hayar injin yankan kankare ya bi layin, sannan ya farfasa abin da ke tsakanin layin da bango. Ya sa tabarau da safar hannu da takunkumin da aka yi don ƙura mai laushi. Wannan ba wurin sakaci ba ne, ƙurar kankare tana ɗauke da garin dutse da ke zama a huhu ya yi lahanin da ba ya warkewa, kuma ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci ba ya tare ta.

Ya tona santimita 28 a farkon layin, ya riƙa ƙara santimita 1 a kowace mita, ya ƙare da 38 a bakin kwata. Ko'ina bai kai ga tushe ba, da ma abin da ya sa ya auna zurfinsa ke nan. Ya daddage ƙasar, ya zuba kankare mai kaurin santimita 7, awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, ya ɗan karkatar da fuskarsa nesa da bango. Magudanar da ta fito ta fara daga santimita 15 ƙasa da ledar tushe, ta ƙare a 25. Ya tare cikon da ke ƙarƙashin tsohon kankaren da layin bulo, ya rufe wurin da ake takawa da ragar ƙarfe.

Filastar waje ma gada ce ga ruwa idan ta haye ledar tushe daga ƙasa zuwa sama. Ya yanke ta ta tsaya santimita 1 sama da ledar, ya yi wa bakinta ɗan leɓe yadda ruwa zai ɗiga ƙasa maimakon ya bi jikin bulo.

Sai ya huda layin bulon farko da ke kan ledar, ta waje, rami mai faɗin milimita 10 a gindin kowane ramin bulo. Daga biyar cikin ramukan ruwa ya zubo, ɗaya ya yi fiye da minti goma yana tsiyaya. Bulo mai rami yakan zama kamar jerin tukwane: ruwan da ya shiga ta gefe sai ya zauna a kan ledar da aka sa don ta tare shi daga ƙasa, ya rasa hanyar fita, ya riƙa ba bangon ruwa ko bayan an ɗauke sama da makonni. Ya bar ramukan a buɗe, ya cusa musu guntun ragar sauro saboda ƙwari.

Indararon roba ya sa a bakin kwano, mai faɗin santimita 11, maƙalansa a kowace santimita 80, da gangaren milimita 3 a kowace mita zuwa bututun saukarwa guda a ƙarshe. Ruwa mai ƙarfi na farko da aka yi ya nuna wannan bai isa ba, indararon ya cika ya riƙa tumbatsa ta tsakiya. Idan ruwa yana zuba da ƙarfin milimita 75 a awa, wannan kwano yana kawo kusan lita guda a kowace daƙiƙa, kuma bututu ɗaya a can ƙarshen mita 10 ba ya kwashe ta. Ya ƙara bututu na biyu a ɗaya ƙarshen, ya kwance rabin maƙalan ya sake ɗaura su yadda tsakiya ce ta fi tudu, ruwa ya rabu biyu. Bututun duka biyu ya kai bakinsu cikin kwata.

Na banɗaki aikin yini ɗaya ne da jiran kwana huɗu. Ya ƙwaƙule tsohon simintin mahaɗar tayil ɗin ƙasa da na bango, ya bar wurin kwana uku ba wanka, ya cike da silikon mai maganin fumfuna, wanda ke miƙewa idan gini ya ɗan motsa, ya ba shi awa 24. Da ya maimaita gwajin tara ruwa, na daɓe da na roba tare suka ragu.

## Wata na 6 zuwa na 11: bango tsirara

A cikin ɗaki, mai aikin wuta ya zo ya cire layin soket ɗin daga akwatin rarraba wuta, ya kuma nuna masa hanyar da wayar ta bi a cikin bango. Daga nan ya sassaƙe filasta duka, sabuwa da tsohuwa, zuwa santimita 120 a tsawon bangon da 140 a kusurwa. Ma'aunin da ya bi shi ne a wuce alamar danshi ta ƙarshe da aƙalla santimita 30, domin gishirin da ruwa ya kawo yakan zarce inda ido ke gani. Wurin da ya buɗe ya kai murabba'in mita 5.

Sauran aikin jira ne. Abin da aka saba ƙiyastawa shi ne bango dunƙulalle yana bukatar kimanin wata guda ga kowace santimita 2.5 ta kaurinsa kafin ya bushe. Bulo mai rami ya fi haka sauri, musamman da aka buɗe fuskarsa ta ciki aka kuma huda gindinsa. Ya bar taga a buɗe da rana, ya kunna fanka tana kallon bangon awa kaɗan kullum. Duk sati yana goge farin garin da busasshen burushi mai tauri, ya share ya zubar a waje. Bai ƙara sa masa ruwa ba, domin wanki narkar da gishirin yake yi ya mayar da shi cikin bulo, ya sake fitowa bayan kwanaki.

Duk sati huɗu yana zagaye iyakar duhun danshin da fensir, ya rubuta rana a gefe. Ya fara daga santimita 80. Bayan sati 4 ya sauka 65, sati 8 ya koma 45, sati 12 ya kai 25. A sati na 16 layin bulon ƙasa kaɗai ke da duhu, kuma bangon ya yi kama da busasshe, amma ledar da ya manna ta yi hazo cikin awa 48. Ya ƙara jira. A sati na 20 da na 22 ledar ta yi awa 72 ba ko ɗigo.

Wani ya ara masa ƙaramar na'urar auna danshi mai allura biyu a wannan lokaci, ta riƙa nuna bangon a jiƙe har a wuraren da leda ta fito a bushe. Irin wannan na'ura yadda wuta ke ratsa abu take aunawa, an kuma daidaita ta ne don katako. Gishiri a bango yana sa ta nuna fiye da gaskiya. Leda da fensir ya ci gaba da bi.

## Wata na 11 da na 12: filasta da fenti

Wannan karon ya gwada yashin kafin ya saya. Ya zuba santimita 5 a kwalba, ya ƙara ruwa mai ɗan gishiri, ya girgiza, ya ajiye awa uku. Laka takan kwanta a saman yashi ta yi layi. Idan ta wuce kashi 8 cikin ɗari, wato milimita 4 a kan santimita 5, yashin ba na filasta ba ne. Ragowar yashin aikinsa na biyu ya ba da milimita 9, sabon ya ba da 2.

Ya share bulon, ya yayyafa masa ruwa kaɗan, ya watsa kwaɓi mai ruwa-ruwa na siminti ɗaya da yashi biyu don fuskar ta yi kaushin da filasta za ta kama, ya bar shi kwana biyu. Ya shimfiɗa siririn katako mai kaurin santimita 1.5 a gindin bango domin filasta ta tsaya a kansa kada ta taɓa daɓe. Hannun farko siminti ɗaya ne da yashi huɗu, kaurin milimita 12, da maganin hana ruwa daidai awon da ke jikin kwalinsa. Kafin ta ƙanƙare ya karce fuskarta da ƙusa. Bayan kwana huɗu ya yi hannu na biyu, siminti ɗaya da yashi biyar, milimita 7. Hannun sama ba ya fin na ƙasa ƙarfi, in ba haka ba idan ya tsuke sai ya ja na ƙasan ya ɓalle shi.

Da bokiti mai lita 10 ya yi awo, domin shebur ɗin yashi mai laima ya fi shebur ɗin siminti ɗaukar kaya nesa ba kusa ba. Aikin duka ya ci kusan lita 30 na siminti, ƙasa da buhu guda mai kilo 50, da bokiti 11 na yashi. Yana kwaɓa abin da zai shafe cikin rabin awa kawai, wanda ya fara tauri kuma zubarwa yake yi, ba ya ƙara masa ruwa. Ya yi ban ruwa sau uku a rana har kwana bakwai, da feshi mai laushi. Siminti da ruwa yake ƙarfi, idan ya bushe da wuri sai ya tsaya da rabin ƙarfinsa ya yi gari, kuma wannan ɗan feshin ba ya komawa cikin bulo ya mayar da hannun agogo baya.

Bayan kwana 28 ya manna leda sau ɗaya, ta fito a bushe. Ya shafa fentin ruwa da aka tsinka hannu ɗaya don filasta ta sha, sannan hannu biyu cikakku, awa huɗu tsakaninsu. Ya cire katakon gindi, ya rufe tazarar da tayil ɗin gindin bango. Mai wuta ya sa sabon soket ya mayar da layi. Kabad ya koma wurinsa da tazarar santimita 10 daga bango.

## Wata na 18: sakamako da abin da muka gani a aikin

Damina guda cikakkiya ta wuce a kan gyaran. Fenti bai tashi ba, ƙwanƙwasa ba ta ba da sautin fanko ko'ina, leda a santimita 10 da 60 ta fito a bushe, warin ya tafi. Abu ɗaya ya rage: tabo mai faɗin tafin hannu a kusurwar banɗaki, kusa da ƙasa, da ke yin duhu a ranakun da iska ta yi laima ya kuma washe idan ta bushe. Wannan halin gishirin da ya rage ne, mai jan laima daga iska, a wurin da ya fi ko'ina shan ruwa.

A ganinmu, aikin farko da na biyu kuskure ɗaya ne aka yi sau biyu, domin duka an taɓa fuskar bangon alhali ruwa yana ci gaba da shiga. Fentin mai ya toshe hanyar da ruwan ke bi ya fita a matsayin tururi, gishiri ya taru a ƙarƙashinsa ya tura shi. Filasta mai siminti da yawa ta ƙara toshewa, ruwan ya hau ya nemi mafita a sama da ita, wanda ya sa layin ya tashi daga 40 zuwa 80. Tsagewarta kuma tana da dalilai huɗu da suka haɗu: yawan siminti, laka a yashi, kauri a hannu ɗaya, da rashin ban ruwa. Wata huɗu da kayan aiki zubi biyu suka tafi a nan, gwajin tiyo na rabin awa zai iya hana hakan tun ranar farko.

Babban tushen ruwan kankaren waje ne da kwanon da ke zuba a kansa. Shaidar ita ce danshin ya mamaye mita 4 duka, har ƙarshen da ke nesa da banɗaki, ga kuma ruwan da ya zubo daga ramukan bulo. Yoyon banɗaki ƙari ne da ya ɗaga kusurwa ɗaya da santimita 30, amma da an bar shi, da gyaran wannan kusurwa ya lalace ko an gama na waje. Mun fi yaba masa a kan cewa bai tsaya a dalilin farko da ya samu ba, da kuma jiran sati shida da ya ƙara bayan bangon ya yi kama da busasshe.

Ya kuma yi sa'a ledar tushen tana nan ba ta lalace ba. Inda babu ita, ko ta yage, sauke ƙasar waje zai rage danshi amma ba zai yanke shi ba, kuma saka sabon shinge a tsohon bango aikin ƙwararru ne. Haka ma idan tonon magudana zai kai ga tushe, ko bangon yana da tsaga da ke ƙara buɗewa, sai injiniyan gini ya gani kafin a sa diga.

Tabon kusurwa kuwa, idan ya ƙaru, za a sassaƙe murabba'in rabin mita a wurin a sake filasta. Yanzu mai gidan ya zagaye shi da fensir yana dubawa duk wata, yana kuma kwashe ganye daga indararo da magudana kafin ruwan farko da kuma tsakiyar damina.